Hoton Kwatangwalo, Zaizayewar Gaɓa da Matsayin Tsufa

Gaɓar kwatangwalo ita ce mahaɗar ƙashin cinya da ƙashin ƙugu, kuma tana cikin gaɓɓan da suka fi ɗaukar nauyin ɗan Adam. Idan ciwo ya kama ta aka je asibiti, akan tura majiyyaci ɗakin hoto, ya dawo da takarda mai layi kaɗan da Turanci ko Faransanci. Sau da yawa, musamman ga wanda ya manyanta, takardar kan ce an ga alamun zaizayewa a gaɓar. Daga wannan sakamako tambayoyi uku ke tasowa, kuma likitanci shi kaɗai ba ya ƙare su. Ta farko, mene ne iyakar abin da hoto ya sani game da mutum? Ta biyu, shin sauyin da shekaru ke kawo wa ƙashi cuta ne? Ta uku, me ya hau kan wanda aka ba wannan sakamako, tsakaninsa da jikinsa da kuma tsakaninsa da Ubangijinsa?

Ginin gaɓar

Kan ƙashin cinya a dunƙule yake, yana zaune cikin wani gurbi mai zurfi a ƙashin ƙugu. Fuskokin biyu suna lulluɓe da guringuntsi mai santsi wanda kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba. A bakin gurbin akwai wani leɓe na guringuntsi mai tauri da ke ƙara masa zurfi, sannan wata jaka mai ƙarfi ta kewaye gaɓar duka, tana riƙe da ruwa mai yauƙi da ke hana gogayya. A tafiya ta yau da kullum, nauyin da ke sauka a kan gaɓar yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki.

Guringuntsi yana da halaye biyu da duk bayanin da zai biyo baya ya rataya a kansu. Ba shi da hanyoyin jini, don haka daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke tura ruwan cikinsa. Ba shi kuma da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Saboda haka yakan zaizaye mai shi bai sani ba, kuma idan ya lalace, warkewarsa kaɗan ce.

Abin da hoto ke nunawa

Wilhelm Rontgen ne ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya fito da ƙashi, a birnin Wurzburg na Jamus a 1895, kuma shi aka fara ba kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya a 1901. Har yau wannan hoton ƙashi shi ne matakin farko wajen duba kwatangwalo. Guringuntsi ba ya fitowa a cikinsa. Abin da ake gani shi ne rata tsakanin ƙasusuwan biyu, kuma daga faɗin ratar ake ƙiyasta yawan guringuntsin da ya rage. A gaɓa mai lafiya ratar kan kai milimita 3 zuwa 5.

Alamu huɗu likitan hoto ke nema: ƙuncewar ratar, tsiron ƙashi a gefen gaɓa, ƙarin tauri da haske a ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi, da 'yan ramuka a cikinsa. A 1957 likitoci biyu a Ingila, Kellgren da Lawrence, suka tsara waɗannan alamu a matakai daga 0 zuwa 4: babu komai, ana kokwanto, kaɗan, matsakaici, mai tsanani. Da wannan ma'auni ake aiki har yanzu wajen auna amosanin gaɓɓai, wanda jama'a suka fi kira sanyin ƙashi.

Hoton maganaɗisu, wato MRI, ya fi zurfafawa, domin yana nuna ɓargo da guringuntsi da leɓen gurbi da tsoka. Na'urar CT tana fito da siffar ƙashi daki-daki, na'urar sauti kuma tana nuna taruwar ruwa. Kowacce tana da abin da take gani da abin da ke ɓuya mata. Hoton ƙashi ma yana sauyawa da yadda aka kwantar da mutum ko aka tsayar da shi, kuma ƙwararru biyu kan saɓa a kan matakin hoto guda.

Saɓanin hoto da ciwo

A 2015 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazari a kan rukunonin mutane biyu a Amurka. A rukunin garin Framingham, cikin kwatangwalon da masu su ke yawan jin ciwo, kaso 15.6 cikin ɗari ne kawai hoto ya nuna amosanin gaɓa. Cikin waɗanda hoto ya nuna amosanin kuwa, kaso 20.7 cikin ɗari ne ke yawan ciwo. A rukuni na biyu alƙaluman sun kasance 9.1 da 23.8. Ke nan mafi yawan masu ciwo hotonsu bai nuna zaizayewa ba, mafi yawan masu zaizayewa kuma ba sa yawan jin ciwo. Haka abin yake a ƙashin baya: wani nazari na 2015 ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai, ya sami zaizayewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya a kaso 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kaso 96 na 'yan shekara 80.

Dalilan saɓanin sanannu ne. Tunda guringuntsi ba ya jin zafi, ciwon daga maƙwabtansa yake fitowa: ƙashin da ke ƙarƙashinsa, jakar gaɓa idan ta kumbura, tsoka da igiyoyinta. Sannan majiyyata uku kan ce ƙugu ke musu ciwo, kowa da inda yake nunawa. Ciwon gaɓar kanta ya fi zama a matsematsi da gaban cinya, yakan sauka har gwiwa, yakan hana harɗe ƙafa da tsugunno. Wanda ke gefen waje, mai hana kwanciya a wannan ɓarin, galibi na igiyoyin tsoka ne. Wanda ya taso daga ɗuwawu ya gangara ƙasa da gwiwa sau da yawa daga baya yake. Bayan haka, zafi abu ne da ƙwaƙwalwa ke fassarawa, kuma rashin barci da fargaba da damuwa suna ƙara masa kaifi.

Gani da ji

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma wannan karin magana ne ke aiki a zukata idan aka ɗaga hoto aka haska. Abin da ido ya gani a takarda yakan rinjayi abin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa. Amma Hausawan nan ne suka ce jiki magayi. Hanyar daidaita zantukan biyu tana nan a tsarin shari'a. Shaida yana faɗin abin da ya gani da idonsa, ba ya wuce nan, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji dukkan shaidu ya auna su. Hoto shaida ne mai gaskiya, sai dai ganinsa taƙaitacce ne: siffar ƙashi a rana ɗaya, daga kusurwa ɗaya. Sauran shaidun su ne labarin majiyyaci, da abin da hannun likita ya ji lokacin da ya juya ƙafar, da gwajin jini idan da buƙata.

Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta bi wannan hanya a jagorarta ta 2022. Ta ce wanda ya kai shekara 45, yake jin ciwon gaɓa idan ya motsa, kuma sandarewar safe ba ta wuce masa minti 30 ba, ana iya gane amosanin gaɓarsa ba tare da hoto ba, sai fa in akwai alamar da ta saɓa wa al'ada.

Akwai kuma abin da hoto ba ya da iko da shi ko kaɗan, wato gobe. Wata gaɓar kan shekara da shekaru a mataki ɗaya, wata ta lalace cikin ɗan lokaci. Likita na iya faɗin abin da ya fi faruwa ga jama'a masu irin wannan hoto, amma makomar mutum guda tana cikin gaibu. Wanda ya karanta sakamakonsa ya yanke wa kansa hukuncin gurguncewa ya ɗora wa takarda ilimin da ba ta da shi.

Shin tsufa cuta ne?

Muhawarar tsohuwa ce. Aristo na Girka ya ɗauki tsufa a matsayin cuta ta ɗabi'a. Likita Jalinus ya ƙi wannan, da hujjar cewa cuta ita ce abin da ya saɓa wa ɗabi'a, tsufa kuwa hanyar kowane mai rai ne. Ibnu Sina, a littafinsa Alƙanun, ya kasa rayuwa zango huɗu: na girma, na tsayuwar ƙarfi, na raguwa alhali da sauran ƙarfi, da na raguwa tare da bayyanar rauni, kuma ya ware wa tsofaffi tsarin abinci da motsa jiki na kansu. A 1943 masanin falsafa kuma likita ɗan Faransa, Georges Canguilhem, ya kawo hujjar cewa ba a auna lafiya da matsakaicin adadin jama'a. A wurinsa lafiya ita ce ikon mai rai na daidaita kansa da halin da ya shiga. Ko a wannan zamani Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsufa cikin sabon kundinta na rarraba cututtuka, masana suka yi ca, aka janye kalmar aka maye gurbinta da raguwar ƙarfin jiki mai alaƙa da shekaru kafin kundin ya kankama a 2022.

Binciken gaɓɓai ya taimaka wajen warware zaren. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ne ke da amosanin gaɓɓai a duniya a 2019, kaso 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kaso 60 kuma mata ne. Shekaru su ne babban sababi, amma akwai wasu: gado, siffar gaɓa tun daga haihuwa, ƙiba, tsohon rauni, da aikin ƙarfi na tsawon lokaci. A Birtaniya an sa amosanin kwatangwalo cikin cututtukan sana'a ga wanda ya yi shekara 10 yana aikin gona. Akwai tsofaffi da yawa masu lafiyayyen kwatangwalo. An kuma gane cewa gaɓa ba ta zama kawai tana cinyewa, tana ta ƙoƙarin gyara kanta, kuma tsiron ƙashin da ake gani a hoto yana cikin wannan ƙoƙari. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne, sauyin da hoto ke nunawa sawun shekaru ne da aiki, yana zama cuta ne a lokacin da ya kawo zafi ko ya hana mutum hidimarsa. Manomin da hotonsa ke mataki na 3 yana zuwa gona ya fi lafiya a kan ma'aikacin da ke mataki na 1 ciwo ya hana shi barci.

Inda hoto ke yanke magana

Kuskure ne a fahimci abin da ya gabata da cewa hoto ba shi da amfani, ko a jingina wa tsufa kowane ciwon kwatangwalo. A Najeriya ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar sikila kowace shekara, kuma ɗaya daga cikin illolinta ita ce toshewar jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu ya rufta. Wannan yana kama samari da 'yan mata. A farkonsa hoton ƙashi kan fito lafiya lau, hoton maganaɗisu ne ke tona shi. Daɗewa ana shan magungunan sitiroyid da yawan shan giya su ma suna jawo shi.

Haka nan tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ana zaton karayar wuyan ƙashin cinya har sai an tabbatar babu, ko da hoton farko bai nuna ba. Irin wannan karaya tana can ciki, inda karan mai ɗori ba ya kaiwa, kuma jinkiri a kanta yana da haɗari ga rai. Zazzaɓi tare da ciwon gaɓa, ciwon da ke tsananta da dare, rama ba dalili, da ɗingishin yaro, duk suna neman bincike da gaggawa, domin suna iya zama ƙwayar cuta a gaɓa, ko tarin fuka na ƙashi, ko ciwon daji. Faɗin cewa ai tsufa ne, ko ai sanyi ne, a irin waɗannan wurare sakaci ne da amanar jiki.

Raunin ƙashi a mahangar addini

Alƙur'ani ya sa rauni cikin tsarin halitta. Aya ta 54 ta Suratur Rum ta jera zangon ɗan Adam daga rauni zuwa ƙarfi, daga ƙarfi zuwa rauni da furfura. A farkon Suratu Maryam, Annabi Zakariyya ya buɗe addu'arsa da ambaton raunin ƙashinsa da furfurar kansa. Tunda abin ya sami annabi, ba alamar fushin Allah ba ne, kuma ambatonsa ba ya rushe haƙuri. Malamai sun bambanta tsakanin ba da labarin ciwo don neman sauƙi da ƙorafi na ƙin hukuncin Allah. Ya kuma tabbata a Buhari da Muslim cewa gajiya da ciwo da damuwa, har ƙayar da ta soki mumini, suna kankare zunubi. A wurin Kiristoci ma, wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, babi na 4, ta haɗa lalacewar jiki na waje da sabuntawar mutum na ciki.

Hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya zana iyaka a fili. A cikinsa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, ya bayyana cewa kowace cuta an sanya mata magani, ya togace tsufa. Hukunci biyu ke fita daga nan. Shekaru ba sa komawa baya, kuma har yau babu maganin da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin kwatangwalo da ya zaizaye, don haka mai tallar irin wannan magani yana sayar da abin da ba shi da shi. Amma zafi da sandarewa da raunin tsoka suna da magani, kuma umarnin nema ya hau kansu. Hadisin Nana A'isha a Muslim ya ambaci gaɓɓai 360 a jikin ɗan Adam, wasu hadisan kuma suka ɗora sadaka a kan kowace gaɓa kullum. Gaɓa ke nan ni'ima ce da ake bin godiyarta, kuma kula da ita yana cikin godiyar.

Tawakkali da neman magani

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku a littafin Ihya'u: na yaƙini, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, na zato mai rinjaye, kamar magungunan likitoci, da na wahami, waɗanda dalilinsu ke da rauni. Ya nuna cewa barin na farko ba tawakkali ba ne, riƙo da na biyu kuma ba ya warware tawakkali. Wannan rabo yana da amfani ga mai ciwon kwatangwalo.

Abin da bincike ya fi ƙarfafawa shi ne motsa jiki da ƙarfafa tsokar cinya da ɗuwawu, da rage ƙiba ga mai ita. Zaman wuri ɗaya don tsoron ƙarasa gaɓar yana raunana tsoka, ya kuma hana guringuntsi abincinsa. Sanda tana rage nauyi idan aka riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓarin. Magungunan kashe zafi suna taimakawa, amma yawan shansu ba da sanin likita ba yana illa ga ciki da ƙoda. Idan duk wannan ya gaza, akwai tiyatar sauya gaɓa, wadda John Charnley ya kafa tsarinta na zamani a asibitin Wrightington na Ingila a 1962, kuma ana yin ta a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wani nazari a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kusan kaso 58 cikin ɗari na gaɓɓan da aka dasa suna kai shekara 25. Ko a nan, tsananin ciwo da tawayar rayuwa ne ke kai mutum ga tiyata, hoto yana tabbatarwa ne.

Salla da gwargwadon iko

Ciwon kwatangwalo ya fi bayyana ga Musulmi a sujada da zaman tahiya da miƙewa daga ƙasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Imrana ɗan Husaini, da rashin lafiya ta same shi, da ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance a gefe. Littafin Ahalari da ake karantawa a makarantun zaure ya jera halaye bakwai na sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, kwanciya a dama, a hagu, da rigingine. Ma'aunin da fiƙihu ya ɗauka shi ne iko da tsananin wahala. Wanda hotonsa ya yi muni amma yana iya tsayuwa, tsayuwa ce a kansa. Wanda hotonsa bai nuna komai ba amma ciwo ya hana shi, yana da sauƙi. A wannan fiƙihu da likitanci sun haɗu, domin duka biyun abin da mutum ke iyawa suke tambaya. Buhari ya kuma ruwaito daga Abu Musa cewa ana rubuta wa marar lafiya ladan abin da ya saba yi da lafiyarsa, don haka salla a kujera bisa uzuri ba tawaya ba ce. Wanda aka yi wa tiyata yakan tambayi likitansa lokacin da zai koma zaman tabarma da tsugunno.

Nauyin da ke kan mai bayani

Sakamakon hoto amana ne a hannun wanda zai fassara shi. Idan aka ce wa dattijo ƙashinsa ya ƙare, aka sallame shi, yakan koma gida ya daina tafiya, ciwon ya ƙaru. Idan aka ce masa babu komai alhali yana jin zafi, yakan ɗauka an ƙaryata shi, ya nufi masu tallar magani. Bayani na gaskiya yana faɗin abin da aka gani, da yawan samunsa ga sa'o'insa, da ko ya dace da inda yake jin ciwon, da abin da zai iya yi. A inda majiyyaci ke biyan kuɗin hoto daga aljihunsa, adalci ne kada a tura shi yin wanda ba zai sauya magani ba, kada kuma a hana shi wanda zai tona cuta mai haɗari. Ana maimaita hoto ne idan ciwon ya sauya kama, ko sabuwar alama ta bayyana, ko ana shirin tiyata.